Tambayi Kundi Kafin Ka Tambayi Sama



Muna godiya ƙwarai da aka ba mu wannan dama, mu da ba mu ko kammala karatun digirin farko ba, mu tsaya a gaban manya mu yi magana. Abin da muka zo da shi tambaya ce guda ɗaya, wadda za a ga kamar ƙarama ce, amma ta taɓa hana mu barci dare guda cur. Tambayar ita ce: idan aka ba mutum kundin kwamfuta aka ce masa a ciki akwai lissafin tafiyar rana da wata da taurari, ta yaya zai sa kwamfutar da kanta ta gaya masa ko waɗanne ne a ciki, ko waɗanne ne babu? Muna roƙon a yi haƙuri da mu in an ji lambobi sun yi yawa, domin in Allah ya yarda kafin mu sauka za a ga inda suka dosa.

Bari mu fara da shi kundin. Tun zamanin da, masana sun lura cewa halittun sararin sama ba sa tafiya kara-zube, kowanne yana da hanyarsa da lokacinsa. Sabo da haka suka riƙa tsara jadawali mai nuna inda kowanne zai kasance a kowace rana. Malaman ƙasashen Musulmi suna kiran irin wannan littafi ziji, kamar wanda Albattani ya rubuta a Rakka, da wanda aka tsara a Samarkanda a ƙarƙashin Ulugu Beg cikin ƙarni na 15. Kefla ya buga nasa a 1627, Ingila kuma ta fara fitar da na matuƙan jiragen ruwa tun daga na shekarar 1767. Turawa suna kiransa ifemeris, kalmar da ta samo asali daga harshen Girka, mai nufin abin kullum. Yayyenmu da ke nan za su tuna husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda duhunsa ya ratsa Gana da arewa maso yammacin Nijeriya da Nijar. Mu a lokacin ba mu yi wayo ba, amma mun sami labari cewa an faɗi ranarsa da sa'arsa tun shekaru kafin ya zo. Da irin wannan jadawali aka yi lissafinsa.

A yau jadawalin da aka fi dogara da shi yana fitowa ne daga cibiyar JPL da ke Fasadina a jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda ke yi wa hukumar NASA aikin sarrafa kumbunan da ba su ɗauke da mutum. Suna sa wa jerinsu suna DE, sa'an nan su bi shi da lamba: DE421 ya fito a 2008, DE430 a 2013, DE440 kuma a 2020. Kowa yana iya ɗaukarsu kyauta ta intanet. Sai dai wanda ya buɗe irin wannan kundi da niyyar karantawa da ido ba zai ga kome ba sai tarkace, domin lambobi ne zalla a cikin harshen na'ura. Ba a ma rubuta matsayin kowane tauraro rana-rana ba. Abin da aka adana shi ne lambobin wani lissafi da ke ɗauke da sunan Cebishef, masanin lissafi ɗan Rasha na ƙarni na 19, wanda in aka ba shi lokaci sai ya fitar da wuri.

To, ga abin da ya same mu. A zangon karatun da ya wuce wata makarantar sakandare ta gayyace mu mu nuna wa ɗalibanta sararin sama da ɗan madubin hangen nesan da mu ke da shi. Muka rubuta gajeren shiri da harshen Python, muka haɗa shi da kayan aikin nan mai suna Skyfield da kundin DE421, domin ya buga mana takarda mai nuna inda wata da Zahara da Mirrihi da Mushtari za su kasance a wannan dare. Shirin ya yi aiki sumul. Ana gobe za mu tafi, sai ɗaya daga cikinmu ya ce ai abin kunya ne mu tafi da tsohon kundi alhali ga sabo ya fito. Muka yarda, muka sauke DE440, wanda ya haura megabait 100, muka sa shi a gurbin tsohon. Wata ya fito, Zahara ta fito, da aka zo kan Mirrihi sai shirin ya cije, ya ce kundin ba shi da wannan.

Jama'a, ba mu bar wanda ba mu zarga ba. Muka ce kundin ne bai gama saukowa ba, muka sake sauke shi da kuɗin da muka tanada na mota. Muka ce kwamfutar ce ta tsufa, muka aro wata. Wani ma ya ce ko masu kundin sun yi mantuwa ne, watau mutanen da suka sauke na'urori a bisa Mirrihi sun manta da Mirrihi! Sai da asuba ta kawo jiki wata 'yar'uwarmu, wadda ba ta ce uffan ba tun farkon dare, ta ce: shin a cikinmu akwai wanda ya tambayi kundin abin da ke cikinsa? Muka yi tsuru-tsuru. Layi ɗaya tak muka rubuta, kundin ya jero mana abin da ya ƙunsa. Tsohon yana da yanki 15, sabon yana da 14, kuma wanda ya ɓace shi ne mai lamba 499. Lalle matambayi ba ya ɓata.

Domin a gane wannan lamba, wajibi ne mu san cewa kundin bai san kowa da suna ba, da lamba ya ke sanin kowa, kamar yadda ofishin biyan albashi ya san ma'aikaci da lambar fayilinsa. Wani sashe na JPL mai suna NAIF shi ya tsara waɗannan lambobi, kuma tsarin yana da sauƙin riƙewa. Rana ita ce 10. Duniyoyin da ke kewaya ta ana ɗaukar matsayinsu a jeri a ƙara masa 99 a baya: Uɗaridu 199, Zahara 299, Duniyarmu 399, Mirrihi 499, Mushtari 599, har zuwa Fuluto 999. Watannin kowace duniya suna bin lambar gidansu: watanmu 301, watannin Mirrihi biyu 401 da 402, manyan watannin Mushtari huɗu daga 501 zuwa 504. Kumbunan da ɗan Adam ya ƙera kuwa lambarsu tana ƙasa da sifiri, alal misali Voyager 1 shi ne -31, Cassini kuma -82. Duwatsun da ke yawo a sarari ana ƙara lambarsu a kan miliyan biyu, shi ya sa Siris, na farkon da aka gano a cikinsu, ya zama 2000001.

Saura lambobi daga 0 zuwa 9, kuma a nan gizo ke saƙar. Waɗannan ba halittu ba ne da za a gani da ido, wurare ne da a ke kira cibiyar nauyi. Ku dubi ɗan garuwa mai ɗauke da garwa biyu a sanda. In duka cike su ke, tsakiyar sandar ya ke azawa a kafaɗa. In ɗaya ta fi nauyi, dole ya matsar da kafaɗarsa wajenta kafin kayan su daidaita. Wannan wurin da kafaɗa ta zauna shi ne cibiyar nauyi. Duniya da wata haka su ke, kuma da ya ke Duniya ta ninka wata nauyi sau 81 da ɗan ɗori, cibiyarsu tana nan cikin cikin Duniya, kimanin kilomita 4,670 daga tsakiyarta. Wannan cibiya ita ce lamba 3. Lamba 4 cibiyar Mirrihi da watanninsa ce, 5 ta Mushtari da nasa, haka har zuwa 9, ita kuwa 0 ita ce cibiyar nauyin rana da dukan iyalinta.

Da muka fahimci haka sai matsalarmu ta warware. DE440 yana ɗauke da lamba 4, watau cibiyar gidan Mirrihi, amma bai ɗauko 499 ba, domin ana samun wannan a wani kundi dabam na Mirrihi da watanninsa. Su watannin ƙanana ne ƙwarai, har tazarar da ke tsakanin 4 da 499 ba ta kai mita ɗaya ba, abin da ba zai dami mai ɗan madubi irin namu ba ko kaɗan. Muka canja lamba, aiki ya tafi. Abin da ya ƙara ba mu kunya shi ne, ashe tun da farko layin Mushtari a shirinmu lamba 5 ya ke nema, mun kwafo shi ne daga wani misali ba mu kula ba. Amma kada wani ya fita daga nan da zaton cewa cibiya da duniya kullum ɗaya ne. A gidan Fuluto, watansa Sharon yana da girman da ya janye cibiyar har waje, fiye da kilomita 2,000 daga tsakiyar Fuluto, alhali shi kansa daga tsakiyarsa zuwa bayansa bai kai kilomita 1,200 ba. Wanda ya aika kumbo zuwa lamba 9 yana zaton 999 ce, sarari ya nufa.

Yanzu bari mu shiga cikin kundin, mu ga yadda a ke yi masa tambaya. Irin waɗannan kundaye ana kiransu SPK, sunansu kuma yana ƙarewa da bsp. An yanka kowanne shafi-shafi, kowane shafi bait 1,024. Yayyenmu na ofis za su gane tsarin nan da nan, domin tamkar fayil ne mai bango, da takardar jerin abin da ke ciki, sa'an nan takardun kansu.

Mataki na farko shi ne karanta bango, watau shafin farko. Haruffansa na farko su kan ce DAF/SPK. Daga nan sai lambobi biyu, 2 da 6, waɗanda ke faɗin siffar kowane layi a takardar jeri. A nan kuma aka rubuta shafin da jerin ya fara da wanda ya ƙare, da wata kalma mai nuna ta wane gefe a ke fara karanta lamba, ko dai LTL-IEEE ko BIG-IEEE. Wannan kalma tana da muhimmanci, gama wanda ya ɗauki rubutun ajami ya fara daga hagu kamar boko ba zai karanto abin kirki ba.

Mataki na biyu shi ne zuwa shafin jeri. Lambobi uku ne ke buɗe shi: shafin jeri na gaba, na baya, da yawan layukan da ke wannan shafi. Kowane layi bait 40 ne, shafi ɗaya kuma ba ya ɗaukar fiye da layi 25. Sabo da haka kundi mai yankuna da yawa yana da shafukan jeri da yawa a sarƙe da juna, kuma dole shiri ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya iske inda lambar shafi na gaba ta zama sifiri. Wanda ya karanta shafin farko ya tsaya ya yi rabin aiki.

Mataki na uku shi ne fassara kowane layi. Lambobi biyun farko su ne farkon lokacin da yankin ya ƙunsa da ƙarshensa, an ƙirga su da daƙiƙa daga tsakar ranar 1 ga Janairu 2000, abin da ya gabaci wannan rana kuma yana ƙasa da sifiri. Agogon da a ke amfani da shi na masana taurari ne, yana gaban agogon duniya da minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Sauran shidan kuwa su ne lambar wanda a ke bayani a kansa, lambar wanda a ke aunawa daga gare shi, tsarin fuskantar da aka yi awon da shi, irin lissafin da aka adana, da inda lambobin yankin suka fara da inda suka ƙare. In shiri ya tattara lamba ta farko daga kowane layi, ya zubar da maimaici, ya sami jerin waɗanda kundin ya ƙunsa ke nan.

Ba lalle ne kowa ya rubuta duk wannan da hannunsa ba. Mutanen NAIF sun tanadi kayan aiki mai suna SPICE, a cikinsa akwai umarnin spkobj mai tattaro lambobin, da spkcov mai faɗin lokutan da aka ƙunsa game da lamba ɗaya, da bodc2n mai mai da lamba suna. Akwai kuma ɗan shiri mai suna brief wanda ke buga taƙaitaccen bayanin kundi gaba ɗaya. Masu aiki da Python suna da SpiceyPy, da kuma jplephem da Skyfield waɗanda Brandon Rhodes ya rubuta. Duk da haka muna ba 'yan'uwa shawara su gwada rubuta nasu ko sau ɗaya, gama bai wuce shafi guda ba, kuma wanda ya taɓa ɗaura wa jaki mangala da kansa ya fi sanin inda kaya ke zamewa.

Samun jerin lambobi bai ƙare magana ba, akwai ramuka huɗu a gaba. Na farko, kowane yanki yana faɗin inda wane ya ke ne daga wajen wane, ba ya faɗin wuri haka kawai. Babu yankin da ya ce ga wata daga Duniya. Abin da ke akwai shi ne 301 daga 3, da 399 daga 3, sai a ɗebe wannan daga wancan. Mai neman Mirrihi daga Duniya kuwa sai ya bi daga 399 zuwa 3, daga 3 zuwa 0, daga 0 zuwa 4. Kamar salsalar dangi ce, sai an hau zuwa kakan da aka haɗa kafin a sauko. In ƙarfe ɗaya ya ɓace a sarƙar, to lambar tana cikin kundi amma ba ta da amfani gare ka. Shiri mai hankali yana gina wannan salsala ya duba ko ta haɗu.

Na biyu shi ne lokaci. DE421 ya fara daga 1899 ya tsaya a 2053. DE440 ya ɗauko daga 1550 zuwa 2650, amma akwai ƙaninsa da aka rage, mai harafin s a ƙarshen sunansa, wanda ya tsaya tsakanin 1849 da 2150. DE441, wanda ya ƙunshi kusan shekara 30,000, ya yi girman da a rumbun NAIF sai da aka raba shi biyu, rabin farko ya ƙare a 1969, na biyu ya ɗauka daga nan. Mutum zai iya riƙe rabin farko, ya ga dukan lambobin da ya ke so a jere, amma ya nemi watan daren yau ya rasa. A kundayen kumbuna ma ana samun giɓi a tsakiya. Sabo da haka tambayar da ta cika ita ce: wane, daga wajen wane, daga yaushe zuwa yaushe?

Na uku shi ne fifiko. In yankuna biyu suka yi magana a kan abu ɗaya a lokaci ɗaya, ƙa'idar SPICE ita ce na baya a cikin kundi shi ke rinjaye, in kuma kundaye da yawa aka ɗora, wanda aka ɗora a ƙarshe shi a ke fara saurara. Wannan rami ya fi wanda muka faɗa haɗari, domin mu shirinmu ya yi mana alheri ya tsaya ya yi ƙara. A nan kuwa amsa za ta fito lafiya lau, mutum bai san daga bakin wa ta fito ba.

Na huɗu shi ne suna. Akwai wani fili a cikin kundin inda masu shi su ke rubuta bayani da harshen mutane, kuma karanta shi yana da amfani ƙwarai, gama a nan a ke sanin wanda ya yi aikin da dalilinsa. Amma rubutun hannun mutum ne, ba shi da tsayayyar siffa, kuma ba a gina shiri a kansa. Sunan kundin kansa kuwa kowa yana iya canja shi cikin ƙiftawar ido. Haka nan wani lokaci za a sami lamba wadda kayan aikin ba su san sunanta ba, musamman ta sabon abin da aka gano. Shiri nagari sai ya buga lambar yadda ta ke, kada ya haɗiye ta ya yi shiru.

Muna so mu ƙara da cewa JPL tana fitar da jadawalin nan a wata tsohuwar siffa kuma, wadda ba ta amfani da waɗannan lambobi. A can jeri ne tsayayye, daga Uɗaridu har Fuluto, sa'an nan wata, sa'an nan rana, kuma a bangonsa akwai ɗan tebur mai nuna inda lambobin kowanne suka fara da yawansu, inda aka ga sifiri an san babu. Duniya ma ba ta da gurbin kanta a ciki, ana fitar da ita ne daga cibiyarta da wata. Siffa ta bambanta, amma dabara ɗaya ce, a fara da bango.

Shugaba, wani zai ce ina ruwan mai shirin zama akawu ko jami'in gona ko malamin makaranta da lambar Mirrihi? Amsarmu ita ce, mu ne za mu zauna a kujerun da a ke aiko wa da kundaye: na ruwan sama, na ƙidayar jama'a, na taswirar filaye, na alluran rigakafi, da yawansu daga ƙasashen waje, kowanne da kyakkyawan suna a goshinsa. Za a ce mana wannan na ƙasa ne baki ɗaya, ko na shekara goma ne, ko sabo ne ya fi tsoho. Wanda ya karɓa ya sa hannu bai duba wace ƙaramar hukuma ce babu a ciki ba, ko wace shekara ce aka tsallake, ya sayi kifi a ruwa, kuma talakan da ke wurin da aka tsallake shi zai biya kuɗin. Mu kuɗin mota da barcin dare guda muka rasa. A ofis abin da a ke rasawa ya kan zama rijiya ko asibiti ko iri na shuka.

Sabo da haka muka ɗaukar wa kanmu ƙa'ida, muna kuma miƙa ta ga 'yan'uwa: duk shirin da za mu rubuta, aikinsa na farko shi ne ya buɗe kundi, ya jero abin da ke ciki da lokutansa, ya gwada da abin da mu ke bukata, in bai cika ba ya tsaya ya faɗa a fili kafin a yi lissafi ko ɗaya. Layuka kaɗan ne, ba sa cin daƙiƙa guda.

Game da waccan makaranta, mun je a ƙafa rabin hanya, idanunmu jawur. Yara suka yi layi, kowa ya leƙa, suka ga Mushtari da 'yan ɗigo a gefensa. Wani yaro ya tambaye mu ina takardarmu ta nuna sunayen waɗannan ɗigo. Muka ce masa kundin da muka zo da shi bai ƙunshe su ba, sai an ɗauko na gidan Mushtari, kuma wannan karon mun faɗa ne da sani, gama mun riga mun tambaya.

 Inda muka yi kuskure malamanmu su gyara mana. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya sa mu tashi lafiya.